Awarwaron Mama da Tumatirin Baba

Bomo, kusa da Samaru, Zariya

Zuwa ga Yaya Happiness,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kowa ƙalau, sai ƙafar Baba da ke tashi in an yi sanyi.

Yaya, raina a ɓace yake. Tumatirin fadama ya sake lalacewa bana. In ka tuge shi sai ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli. Omolara, ɗalibar da ke haya a ɗakinki na da, ta ce wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani. A kansu take bincike: ana haɗa ruwan ganyen dogon yaro da wani sinadarin azurfa, sai a samu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ke kashe su. Ta faɗa a gabana cewa a tukwane kawai suka gwada, ba a kai gona ba. Baba bai ji komai ba sai ganye da azurfa.

Ranar Talata ya ɗauki ɗaya daga cikin awarwaron azurfa biyun da Mama ta bar miki, ya kai wa maƙeri a Sabon Gari aka goge shi ya zama gari, ya dafa da ganye a tukunyar tuwo, ya yayyafa a kunya shida. Na karanta takardun Omolara kaf da ƙamus a gefe, na ce masa ba haka ake yi ba, mu sa masara a wurin mu huta. Ya ce wai ni da ban gama sakandare ba, ni zan koya masa noma? Ni kuma bakina bai da linzami, na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tumatirin ga shi nan a langaɓe, shi kuwa ya ce azurfar ce ta yi kaɗan.

Na ɓoye na biyun. Kwana uku ke nan bai amsa gaisuwata ba. Ki kira shi, tunda sunan uwarsa gare ki, ba ya musu da ke. Abinki ne: in kin ce in ba shi, zan ba shi, amma ba zan tsaya in ga ana goge shi ba.

Ki gaida maigida, da yara, Remi da Marvellous.

Ƙaninki,
Sati