Abin da Ƙafa ta Gani a Bayarta

Cikin jirgin ruwa, gaɓar Meziko
10 ga Oktoba

Zuwa ga Babana, Bartholomew,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Anti Miriyam da mutanen Kafanchan? Ni lafiya lau. Aikin asibitin jirgi ba yawa, galibi masu amai ne da waɗanda rana ta ƙona.

Tunda ka ce ba za ka ƙara magana a waya ba saboda bakinka ya karkace, na yarda, mu koma takarda. Zan rubuta da hannu in ɗauki hoto in tura wa Anti, kai ma ka yi haka. Hannun damanka dai ciwon bai taɓa shi ba, don haka ba ka da hujja.

Jirginmu yana tsayawa kowace Laraba a wani garin shaƙatawa, Puerto Vallarta, masu garin suna kiransa Bayarta. Mukan iso takwas na safe, ƙarfe huɗu mu tashi. Jiya na zaga shi da ƙafa. Baba, garin ya haɗu! Teku shuɗi a gaba, duwatsu kore shar a baya kamar na Kagoro. Akwai doguwar hanya a bakin ruwa da mota ba ta bi, an jera mata gumakan tagulla. Akwai coci mai kambin sarauta a kan hasumiyarsa. A wannan hanyar na tsaya har rana ta faɗa cikin teku, sama ta yi ja wur.

Ka gani, ni baƙuwa ma na fita. Kai da ka yi shekara talatin kana duba layin dogo da ƙafa, me zai hana ka taka ko zuwa bakin titi? Nas ce ke faɗa maka, ba 'yarka ba: ƙafar da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, in ba a taka ta ba, sandarewa take yi.

Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka, Emilia

Kafanchan
13 ga Oktoba

Emilia 'yata,

Ina gaishe ki da kyau da kyau. Mun gode Allah, muna nan.

Ni ba zan ɓoye miki komai ba. Wata huɗu ke nan yayana bai taka ƙofar gida ba. Daga gado sai kujera, daga kujera sai bayi, shi ma sai ya dafa bango. Sandar da kika saya masa tana jingine a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinta. Matar da ke zuwa gasa masa ƙafa ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, in Kirsimati ta zo bai fara tafiya ba, to mu nemi keken guragu. Na faɗa masa. Ya ce in rufe masa taga.

Malam Ja'afaru, abokin aikinsa na reluwe wanda yanzu ke sayar da citta a bakin tasha, kowace Juma'a in ya sauko masallaci sai ya biyo. Kullum babanki sai ya sa ni in ce yana barci. Ni da nake shugabar zumuntar mata, ga ni ina zuba wa dattijo ƙarya duk sati! Fada na cocinmu ma ya zo, ta taga suka gaisa.

Takardarki kuwa, sau uku ya karanta. A na uku sai na ji yana dariya, karo na farko tun da ya faɗi. Na ce, "Yaya, me ya ba ka dariya?" Ya ce in miƙo masa biro. Ban san abin da kika rubuta na ban dariya ba, ni dai na ga gari mai kyau.

Ki riƙa cin abinci, a hoton nan kin rame.
Antinki, Miriyam

Kafanchan
14 ga Oktoba

Zuwa ga Nas Emilia,

Bayan gaisuwa, na samu takardarki, na kuma duba ta kamar yadda nake duba rahoton aiki.

Lokacin da nake heluma, in na tura lebura ya duba layi daga Kafanchan zuwa Kagoro, daga bakinsa nake gane ko ya je. Wanda ya kwanta a gindin mangwaro zai ba ka labarin dutse da gajimare. Wanda ya taka zai ce maka a wuri kaza ruwa ya cinye ƙasa, noti biyu sun kwance, ƙaya ta huda masa takalmi.

A takardarki akwai teku, akwai hasumiya, akwai sama. Ina ƙasa? Kwalta ce ko yashi? Hawa ne ko gangara? Ƙafarki ba ta yi ciwo ba, ƙishi bai kama ki ba, ko mutum ɗaya bai yi miki magana ba. Sannan kin ce jirginku yana tashi ƙarfe huɗu, amma kin tsaya a gari har rana ta faɗi. Ko a Meziko ƙarfe uku rana ke faɗuwa?

Ba ki taka garin nan ba, Emilia. Daga takardar talla kika kwafo shi. Raina bai ɓaci ba, amma ba a kora ni waje da ƙarya. Ki kawo mini rahoto na gaskiya, da lissafin taku, sannan mu yi maganar ƙafata.

Ubangiji ya tsare ki.
Mahaifinki, Bartholomew

Cikin jirgin ruwa
24 ga Oktoba

Baba,

Barka da war haka. Ka kama ni dumu-dumu, kuma na ji kunya.

Sau tara jirginmu ya tsaya a garin nan, ban taɓa sauka ba. Ranar da ka faɗi ina aiki, wayata tana kashe, sai bayan awa shida na ji. Tun daga ranar nake manne da inda sabis yake, ina jin tsoron a kira ni ina wani wuri. Ga tsoron ɓata a garin da ba na jin yarensu, jirgi ya tashi ya bar ni. Waccan Larabar na sa takalmi na je har bakin matakala, na komo. Jiya na sauka. Ga rahoto.

Tashar jirgi tana nesa da tsohon gari, don haka bas na shiga, ya sauke ni a farkon hanyar bakin ruwa. Wannan hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, siminti da ƙananan duwatsu da aka jera kamar zanen tabarma. Zafi irin na Maris ɗinmu, amma da gumi mai danƙo. Na wuce gunkin yaro a kan dokin ruwa. Na wuce wani mutum yana ɗora dutse a kan dutse su tsaya cak ba siminti, masu yawon buɗe ido suna tafa masa. A taku na ɗari shida takalmina ya fara cizona a dunduniyar hagu.

Da na bar bakin ruwa na shiga cikin gari, sai ƙasa ta canza. Titunan duk da duwatsun kogi aka yi su, mulmulallu, kowanne kamar ƙwallon mangwaro. In ka taka tsakiyar dutse ka zauna lafiya, in ka taka gefe ƙafa ta gurɗe. Sau biyu na yi tuntuɓe. Dakalin gefen titi kuma wani wurin ya kai gwiwa. Daga inda bas ya sauke ni zuwa ƙofar coci, taku dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Kambin yana nan da gaske, amma sai da na zauna a benci na cire takalmi sannan na tuna in ɗaga kai.

Ƙishi ya kai ni wurin wata tsohuwa mai manyan kwalaben abin sha a kan teburi. Na nuna jan da yatsa. Na kurɓa, sai na ce, "Kai!" da ƙarfi har ta firgita. Baba, zoɓo ne! Zoɓonmu sak, sai dai ba citta ba kanumfari. Hamaika suke ce masa. Na ce mata "zoɓo", ta maimaita, muka yi ta dariya kamar mun san juna.

Daga nan na tsallaka wani ƙaramin kogi ta kan gadar katako mai lilo. A bishiyar gefe na ga wani abu kamar guza yana shan rana. A bakin teku na ci kifi da aka soke a tsinke aka gasa, aka matsa masa lemon tsami. Ƙarfe biyu na koma jirgi da bororo a dunduniya. Awa biyar ban duba waya ba, kuma ba abin da ya faru.

Ina jin daga gidanmu zuwa tasha bai wuce abin da na taka zuwa coci ba. Na cika nawa, saura kai.

Ka gaida Anti.
Emilia

Kafanchan
28 ga Oktoba

Emilia,

Bayan gaisuwa, wannan rahoton ya karɓu. Ki sa filasta kafin ki sa takalmi, ba bayan ya cije ki ba. A kan mulmulallen dutse kuma a taƙaita taku, a duba taku uku a gaba.

Gyara ɗaya: daga gida zuwa tasha taku dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne cif. Shekara talatin ina ƙirga shi.

Na sa Miriyam ta share sandar. Daga kujera zuwa ƙofar gida taku arba'in da ɗaya. Na yi shi sau uku cikin satin nan. Ban buɗe ƙofar ba.

Tunda kin faɗi taki gaskiyar, ga tawa. Ba faɗuwa nake tsoro ba. "Sannu" nake tsoro. Garin nan kaf sun san ni da sauri, masu keke ma sai sun dage suke wuce ni. Yanzu in fito ina jan ƙafa, baki a karkace, mai ƙosai ta ce sannu, mai faci ya ce sannu, waɗanda na koya wa aiki su kawar da kai don tausayi. Ke a can ba wanda ya san ki, ko kin faɗi a titi ba komai. Ni kowane taku a gaban idon sani zan yi shi. Wannan abin yana cin raina ƙwarai.

Mahaifinki

Cikin jirgin ruwa
7 ga Nuwamba

Babana,

Ina gaisuwa. Na sa filasta tun a ɗaki, dunduniya ta yi shiru.

Jiya na bi ta bayan coci na hau unguwar kan tudu. Can ba masu yawon buɗe ido sosai, sai gidaje masu jan rufi, wanki a kan igiya, zakara yana cara, wata mata tana gasa wainar masara a ƙofar gida. Titi yana tafiya sai ya ƙare, matakala ta karɓa. A can ƙoli akwai gicciye, daga nan ake ganin gari duka. Lissafin ya ɓace mini bayan hawa ɗari biyu, don numfashina ya ƙare. Na zauna a kan matakala ina haki, gumi har cikin ido.

Mutum bakwai suka wuce ni, kowa sai ya ce wani abu cikin yarensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san sannu ce, fuska ba ta buƙatar tafinta. Wani tsoho mai ɗauke da buhun lemo ma har ya miƙo mini ɗaya. Na ji haushi, Baba, ba zan ɓoye ba. Sai na lura kowa ya faɗi tasa ya wuce, don kowa da hawan da ke gabansa. Na shanye lemon, na tashi, na ƙarasa.

Sannu za ta zo, ba zan ce maka ba za ta zo ba. Amma ba ta wuce taku biyu, mai faɗinta ya yi gaba. Keken guragu kuwa in ya shigo gida ba ya fita. Kirsimati saura sati bakwai. Ba na so in dawo in tura ka zuwa coci, so nake in bi ka a baya ina haki kamar yadda na saba tun ina ƙarama.

Ba zan ƙara maganar ba.
'Yarka, Emilia

Bakin tasha, Kafanchan
15 ga Nuwamba

Nas Emilia,

Bayan gaisuwa, ga rahoto.

Na tashi gida ƙarfe bakwai na safe, na iso tara saura kwata. Taku dubu biyu da ɗari uku da huɗu, don takun ya gajarce. Na huta sau biyar. Kwalbatin gaban makaranta ya fashe, ba wanda ya gyara. An shanya citta a gefen titi har ta ci rabin hanya. Sannu kuwa na sha guda talatin da ɗaya, na ƙirga su. Miriyam tana bina a baya tana kuka kamar ana kai gawa.

Ja'afaru bai ce sannu ba. Ya ɗago kai daga kan buhu ya dube ni, ya ce, "Heluma, ka makara. Wata biyar." Sai ya matsa mini a benci. A kan sikelinsa nake rubuta wannan.

Ran Laraba kada ki tsaya gadin waya, ki fita. Ki kira ni ran Alhamis. Bakin yana nan a karkace, amma mai ƙosai ta gane abin da na ce, ke ma za ki gane.

Mahaifinki, Bartholomew