Albarkar da Mama Ta Hana Chuy

Oxnard, 3 ga Maris, 1985

Ƙanena Rosendo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Lupe da yara kuna lafiya. Mama tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwar da ka sani.

Masu shirya fim ɗin rayuwar ɗan'uwanmu marigayi Chuy sun kawo mini labarin a rubuce, na karanta. Waƙoƙinsa suna ciki, jar jitarsa tana ciki, har gonar lemon da muka yi ƙwadago sun saka. Amma ranar tafiyarsa ta ƙarshe fa? Sun rubuta cewa ya roƙi Mama albarka a bakin ƙofa, ta juya masa baya don ya bar makaranta ya bi kiɗa. Mu uku kaɗai muka san wannan. Ni ban faɗa ba, Mama ba ta faɗa ba. To wa ya rage?

Shekara ashirin da biyar baiwar Allah nan tana ganin da ta yi masa alamar gicciye a goshi, da motar ba ta kife da shi a hanyar Bakersfield ba. Yanzu so kake duk Kalifoniya ta zauna tana cin guguru tana kallon Mama? Ka ba ni kunya. Ka kira su su cire.

Yayarka,
Ofelia

Tucson, 12 ga Maris

Yaya Ofelia,

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso. Ki gaishe mini da Mama.

Ni na faɗa, ba zan musa ba. Amma ina ganin haushi ne ya hana ki juya shafi, ki ga abin da Chuy ya ce mini. Ni na raka shi har mota a ranar, kuma dariya yake yi. Ya ce mini, "Tsohuwa ba hana ni ta yi ba, ajiya take yi mini. In na dawo zan karɓi abata." Sau nawa na so in gaya mata, amma kin san da an ambaci ranar sai ta tashi ta shige kicin. Na ga gara ta ji a bakin wani.

Ki yi haƙuri. Ba zan kira su ba.

Ƙanenki,
Rosendo

Oxnard, 30 ga Maris

Rosendo,

Ina gaisuwa, ko da yake ban huce ba. Ƙaton mutum da furfura, ka riƙe magana shekara ashirin da biyar, sai fim ne zai yi maka aike!

Yaron da zai fito a matsayin Chuy, Beto Saldívar, ya zo ran Lahadi ya koyi tafiyarsa da yadda yake riƙe jita. Mama ta dafa masa tamales, ƙullin masarar nan mai nama, kamar ana Kirsimeti. Muna ci ta ce, "Ɗana, karanta mini wurin da nake." Na harare shi, na taka masa ƙafa, a banza. Ya karanta har maganar ajiyar. Mama ta ajiye cokali, ba ta ƙara ci ba.

Da zai tafi ta kira shi bakin ƙofa, ta ce ya sunkuya. Ta yi masa gicciye a goshi, ta ce, "Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai." Na ɗauka hankalinta ne ya taɓu.

Na ce, "Mama, wannan fa ba Chuy ba ne."

Ta ce, "Ke tafi can, makauniya kika ɗauke ni? Chuy bai taɓa rage abinci a faranti ba. Ajiyar ce ta yi mini nauyi."

Ni da na ce ba zan yi kuka ba, na yi har na gaji. Ta ce kada a cire ko kalma ɗaya. Ta kuma ce ba ta yarda da takarda ba, ka zo ka maimaita mata da bakinka.

Allah Ya bar zumunci.
Ofelia

Tucson, 4 ga Afrilu

Yaya,

Barka da war haka. Ina tafe ran Asabar, ni kaɗai. Ki ce wa Mama ta jira ni a kicin, can zan same ta.

Sai na zo.
Rosendo