Ladan Facin Ɗan'azumi

Kilomita Biyar, Bangi,
ranar Talata.

Zuwa ga uwargida Tasalla, sanyin idanuna,

A sani, a kuma sanar da na kusa da na nesa, tun daga bakin kogin Ubangi har zuwa ƙofar ɗakinki a Maraɗi, cewa ni Badaru ɗan Malam Mahaman na yanke hukunci: ko dala ɗaya ba za ta bar aljihuna ta shiga hannun Ɗan'azumi mai gyaran keke ba, ko da sama da ƙasa za su haɗu. Magana ta zauna, babu ɗaukaka ƙara.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Ulfa. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ki yi mamakin ganin takarda a maimakon muryata a waya. Haƙorina na gaba ya riga mu gidan gaskiya, kuma tun daga ranar duk maganar da na yi sai ta fito da ƙarar usur, abin da bai dace da magidanci ba.

Kin san alkawarin da Kawunki ya yi mini ranar da na sauka gidansa: in na riƙe aikin kai wa masu saye kaya har zuwa Babbar Sallah ba a kawo ƙarata ba, zai buɗe mini shago, ya aika kuɗin mota ku taho ke da Ulfa. Saboda wannan aiki ya damƙa mini baƙin kekensa, wanda ya girme ni, wanda ko 'ya'yan cikinsa ba sa taɓawa.

Birkin keken ya yi sanyi, tayar baya tana sacewa, sai na kai wa Ɗan'azumi, wani gajere mai ƙirar turmi da ke zama gindin mangwaro a hanyar Kokoro. Haifaffen nan ne. Hausarsa takan ƙare masa a tsakiyar zance, sai ya ƙarasa da Sango, yaren mutanen nan. Duk abin da ya lalace a duniya, maganinsa ɗaya ne a wurin wannan bawan Allah: ya yanko tsohon tib na cikin taya ya ɗaure. Da shi ya ɗaure rumfarsa, da shi ya ɗaure takalminsa, ashe da shi kuma ya haɗa wayar birkin Kawu inda ta tsinke, ya shafe wurin da baƙin mai don kada ido ya gani. Tayar kuma ya yi mata faci. Muka yi da shi zan gwada in dawo in biya.

Na gwada, Tasalla. A kan titin Kuduku wani ɗan kabu-kabu ya gitta gabana, na matse birki, birki ya ce bai san zancen ba. Na shige amalanken gawayi da ka. Mai gawayin, kafin ya tambayi lafiyata, sai da ya kirɓa mini dundu a gadon baya. Na miƙe baƙi wuluk, baki yana zubar jini, haƙori a ƙasa.

Na turo keken zuwa gindin mangwaro, na yi wa Ɗan'azumi doguwar nasiha a kan amana da haƙƙin sana'a, har da misalai daga magabata. Ya saurara yana sakace. Da na dasa aya sai ya miƙo hannu ya ce "futa mbi", wato in biya shi. Na shaida masa ba a biyan lada a kan yunƙurin kisan kai. Sai ya ɗauki sifana ya kwance sirdin keken a gabana, ya zauna a kansa. Wai haka al'adar masu gyara take a nan: wanda ya ƙi biya ya tafi da kekensa, sirdi ya zauna jingina.

Yanzu a tsaye nake tuƙi, da takalmi nake taka birki, da yamma kuma in cusa keken bayan buhunan albasa kafin Kawu ya dawo daga masallaci. Ba zan iya gaya masa ba. Mutumin da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, ta yaya zan buɗe baki in ce masa sirdinsa yana ƙarƙashin wani? Ki rufa mini asiri wurin Inna, kin san ta da waya.

Ina kewar ki fiye da yadda cinyoyina ke kewar zama.

Naki har kullum,
Badaru.

Kilomita Biyar, Bangi,
ranar Asabar.

Zuwa ga Tasalla, abokiyar rufin asirina,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. A shafa mini kan Ulfa. Ni ma ina nan da sauran lafiya, illa dai idona na hagu a rufe yake, da na dama nake rubuta miki.

Na bi hanyar sulhu kamar yadda masu hankali suke yi. Na tura Idrisu mai shayi ya nemo sirdin cikin mutunci, ya dawo da saƙon cewa Ɗan'azumi ya ce ladansa ya ƙaru, domin ajiyar sirdi ma aiki ce. Nan na gane lokacin diflomasiyya ya wuce.

Da hantsi na isa gindin mangwaro da keken. Na kama sirdin ta baki, ya kama ta gindi. Da ya ga zan rinjaye shi sai ya saki, na faɗa cikin daron ruwan da yake gwada tib, ya bi ni da tsohon tib yana tsula mini a wuya da kunnuwa. Ki sani mijinki bai ba ki kunya ba: na wawuri famfonsa na buga wa taya iska na rafka masa a ƙeya, na sake rafka masa a ƙauri, har ya yi tsalle ya kira sunan mahaifiyarsa. Muka sarƙe, muka birgima cikin ƙusoshi da baƙin mai. Ya ciji kafaɗata, na tumbuke masa aljihu. Mahauta da masu tebur suka taru suka ɓamɓare mu da ƙyar, suka ja shi gefe suna ba shi baki.

A nan Shaiɗan ya zo mini a rigar hujja. Na ce a raina, ga shaidu sun taru, bari in nuna musu facin ma ƙarya ne. Na maƙala famfo a tayar baya na shiga bugawa. Hankalin kowa yana kan Ɗan'azumi, wanda ya ba ni baya yana rantse-rantse da Sango. Na buga, taya ta cika, na ƙara, ta yi tauri kamar dutse, na ƙara. Sai ta fashe.

Tasalla, a Maraɗi in taya ta fashe, waiwayowa ake yi a yi dariya. A nan ba a waiwaye, harbin bindiga ake ɗauka. Kafin ƙarar ta gama fita, ƙofofin shaguna sun fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ƙararsu kuma ta ƙara firgita na nesa. Mahauta suka zubar da wuƙaƙe suka kwanta. Mata suka suri 'ya'ya suka bar takalma. Tebura suka kife, wata mai manja, Amariya, aka bi ta kanta da jarkokinta, hanya ta yi ja har wasu suka ɗauka jini ne. Wani tsoho ya shige ƙarƙashin amalanke yana kalmar shahada. Ni kaɗai ne a tsaye, famfo a hannu, ina jiran a yaba mini.

Sai na ji an kwashe ƙafafuna. Ɗan'azumi ne. Ya ja ni cikin kwata, ya danne kaina da tafin hannunsa, ya kwanta a kaina da dukan jikinsa, yana ce mini a kunne, "Ka kwanta, baƙo, ka kwanta, kar ka ɗago." Ina jin zuciyarsa tana bugawa a bayana. Mutumin da yanzu na rafka wa famfo a ƙeya.

Da aka ɗan jima ba a ji ta biyu ba, ya ɗago ya ga tayar a yage, ya ga famfon a hannuna. Bai ko tashi daga kaina ba, tunda ya riga ya samu wurin zama mai kyau, sai ya ci gaba daga inda aka raba mu. A nan ido ya rufe. Wannan karon babu wanda ya yi saurin rabawa.

Ina so tarihi ya rubuta cewa daidai kan facin tayar ta fashe. Gaskiya tawa ce. Na faɗa wa kowa, babu wanda ya saurara.

Labari ya riga ni zuwa gida. Kawu ya ce gobe bayan azahar a hallara a zaurensa. Ban ci abinci ba. Ba dukan ke damuna ba, Tasalla. Ina tsoron na fasa zuwanki tare da tayar nan. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, yanzu babu sauran abin ɓoyewa.

Mijinki mai ido ɗaya na wucin gadi,
Badaru.

Kilomita Biyar, Bangi,
ranar Litinin.

Zuwa ga uwargida, ranki ya daɗe,

Gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan kina lafiya, da Inna, da Ulfa. Za ki ga na ƙara miki girma a gaisuwa. Dalilin yana tafe.

An yi zama. Na shiga da jawabin da na shirya mai sassa da rassa, wanda da an bar ni na yi shi da duwatsu sun yi kuka. Amma alƙali surukina ne. Na durƙusa a bakin ƙofa, hula a gwiwa, ido a kan tabarma, duk abin da aka faɗa amsata ɗaya ce: haka ne, Baba. Ɗan'azumi kuwa, da yake ba 'yar kowa yake aure ba, ya baje kolinsa da harsuna biyu, har yana kwaikwayon yadda nake tuƙi a tsaye. Dattawa suka yi ta gyaran murya don ɓoye dariya. Kawu bai yi ba.

Ya fara da mai gyara. Ya ce wanda ya ɗaure birki da roba ba shi da lada, ya mayar da sirdi, ya sa sabuwar waya daga aljihunsa. Zuciyata ta yi fari, na ce yau gaskiya ta yi halinta. Sai ya juyo kaina. Ya ce manjan Amariya da duk abin da ya fashe a wuyana yake, kuma in bi layin nan shago shago, da ƙafa, in ba da haƙuri, musamman wurin tsohon nan da har yanzu bai iya fitowa daga gida ba. Ya ce mutanen nan sun ga shekarun yaƙin da ni ban gani ba, ba a yi musu wasa da ƙara. Keke kuma, ya ce na yi masa hawan ƙarshe.

Na jira ya ce in haɗa kayana. Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, dattawa yake gaya wa: "Mutumin da zai tashi kasuwa guda a kan ladan faci, ba a bar shi shi kaɗai a garin mutane. A kira mini 'yata ta zo ta riƙe shi. Shagon a buɗe, makulli a hannunta."

Saboda haka ki fara ɗaure kaya, kuɗin mota yana tafe ta hannun Rilwanu direba, ba sai Sallah ba. Ke ce mai shago. Ni an naɗa ni mai tura amalanke daga sito zuwa ƙofarki, muƙamin da na karɓa hannu bibbiyu, domin amalanke ba shi da birkin da zai ci amanar mutum. Masu hassada za su ce an ƙasƙanta ni. Ni dai na san na shiga zaure ba ni da mata a Bangi, na fito da ita.

Saura hukunci ɗaya da Kawu bai yanke ba, na yanke shi da kaina. Kotun zuciyata ta zauna, ta sami Badaru ɗan Malam Mahaman da laifin rafka famfo a ƙeyar mutumin da daga baya ya yi masa garkuwa da bayansa. An ci shi tarar kofin shayi ɗaya, mai madara, a biya wa Ɗan'azumi a teburin Idrisu gobe da safe. Burodi kuwa ya saya da kuɗinsa, domin aikin birkin nan bai kai a haɗa masa da burodi ba.

Sai kin iso. Allah ya kawo ku lafiya.

Yaron shagonki,
Badaru.