Ɗorawar Abu a Gonata

Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025

Mai unguwa ya zo bayan la'asar. Na ɗauka barka da salla ce ya kawo mini a makare, har ina jawo masa tabarma. Ashe maganar gona ce.

Gonar mahaifinmu ta bakin rafi. Tun da matata Mairama ta rasu ƙafafuna suka daina kai ni can. Ta zama saura, yanzu kuma ta zama daji sosai, sabara da geza sun fi ni tsawo. Ya ce maƙwabta sun yi ƙorafi. Gafiya da ɓera daga cikinta suke fitowa, kuma a can maciji ya sari bijimin Buba, maƙwabcin gonar. Ya ce, "Malam Safiyanu, ba wulaƙanci ba ne. Ko a nome ta bana, ko mu ba wani aro kafin ruwa ya sauka."

Aro. Na san aron garinmu Wurno. Mutum ya yi 'yan daminu a gona, 'ya'yansa su tashi suna cewa ta babansu ce, kuma kowa ya shaida.

Na ce "to" kawai. Bayan ya tafi na tuna ko ruwa ban ba shi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kira ɗana Muhammad Auwal a Fatakwal. Wayar ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba. Wataƙila yana wurin aiki. Gonar nan ita kaɗai zan bar masa, ko da bai san iyakarta ba.

Tari ya dawo.

Litinin, 7 ga Afrilu

Wani Ɗanbala ya zo daga Birnin Kudu, mai tarakta, mai noman riɗi. Ban san wa ya gaya masa ba. Fara'a gare shi, ya durƙusa har ƙasa. Zai karɓi gonar haya, a gaban shaidu, sunana yana kanta. Shi zai yi sassabe, shi zai yi komai. Wannan ba aro ba ne. Na ji kamar an cire mini ƙaya.

Sai ya ce, "Amma Baba, itatuwan nan fa. Tarakta ba ta san kewaye ba, riɗi kuma ba ya son inuwa. Sai an kwantar da su."

Na ce a kwantar. Ya yi dariya, ya ce ai yanzu ba da ba ne, sai malamin daji ya gani.

Gonata, itacena, sai wani ya gani!

Alhamis, 10 ga Afrilu

Malamin dajin ya zo a babur, Haladu sunansa. Ya goya ni zuwa gonar, ina riƙe da rigarsa kamar ƙaramin yaro. Na daɗe ban ga wurin ba. Na ji kunya.

Ga abin da ya ce, yadda na riƙe. Sabara da geza da kalgo da sauran ƙananan toho, in share abina, ba mai hana ni, sai dai kada a saki wuta ta tsallaka gonar wani. Abin da ke gaɓar rafi a bar shi, shi ke riƙe da ƙasa. Amma babban itace ɗanye, irin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo, ba a sare shi sai da izini, ko a gonar mutum ne. Izinin ma ba kullum ake bayarwa ba, in an bayar kuma sai an dasa wani.

Na ce masa na yi makaranta tun ba a haifi babansa ba, na yi akawu a ofishin gona, ban taɓa jin an nemi izinin abin da aka gada ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Baba, da ana sara ɗaya goma na tsirowa. Yanzu masu gawayi da injin zarto suke zuwa."

Sannan ya dafa babbar ɗorawar tsakiyar gona, ya tambaye ni, "Wannan ta wa ce?"

Da ma bai tambaya ba. Ɗan garin nan ne, ya san yadda ake yi. Ranar rabon gado ni na ɗauki ƙasa, ƙanwata Abu ta ɗauki itatuwan ɗorawar da ke ciki, saboda a Maruta ta ƙasar Gwaram take aure, ba za ta iya noma a nan ba. Ƙasa tawa, ɗorawa tata. Ya ce to ba zai ko rubuta takardar neman izini ba sai mai itace ta yarda da bakinta.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ni da Abu ba faɗa muke yi ba. Muna gaisawa a wurin ta'aziyya. Ita dai ta riƙe cewa ɗan boko ya ɗauki mai tsoka ya bar mata ƙashi, ni kuma na san dattawa ne suka raba. Duk shekara Nasiha mai daddawa ce ke kaɗe mata 'ya'yan ɗorawar, su raba. Ita ba ta zuwa.

In tafi har ƙasar Gwaram da wannan ƙirjin, in zauna a zauren mijinta, in ce ki ba ni abin da ya rage miki na babanmu in sare? Za ta ce a'a, kuma za ta ji daɗin faɗa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ɗanbala ya dawo. Da na gaya masa, sai ya rage murya. "Baba, ɗanye aka hana. Busasshe fa? Itace ai yana mutuwa da kansa." Wai in aka sassaƙe ɓawon a zagaye, ƙasa-ƙasa inda ciyawa ta rufe, shi ke nan, ruwa ba zai ƙara hawa ba. Ya ce shi ba zai sa yaransa ba, idon Haladu na kansu. Amma wa zai zargi dattijo a gonarsa? "Ni dai in ga alama a babbar, sai in shigo bana. Sauran mu bi su a hankali."

Na ce masa ni ba ɓarawo ba ne. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Talata, 15 ga Afrilu

Na sami gizagona a bayan rumbu. Ya yi tsatsa. Na wasa shi ne kawai don kada ya lalace.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je. Da sassafe, da sanda a hannu ɗaya, gizago cikin buhu. Na huta a hanya ban san iyaka ba.

Ɓawon ɗorawa yana da tauri fiye da yadda nake tunawa. Cikinsa ja ne, yana tsatso da ruwa mai danƙo. Na yi kamar faɗin tafi biyu, numfashi ya ƙare. Na zauna a gindinta, a inuwarta kuwa, don babu wata. 'Ya'yan sun nuna, suna ta reto a kaina.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na koma jiya, na koma yau. Na kusa zagaye ta. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, alwala sai da dabara. A masallaci na ɓoye shi cikin hannun riga.

Ina gaya wa kaina itace ɗaya ne a kan gona guda. Lissafin daidai ne. Ban san abin da ya sa ba ya zama ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Zazzaɓi. Ban fita ba. Ba wanda ya leƙo sai wanda ya kawo tuwon maƙwabta, ya ajiye ya tafi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Abu ta zo.

Ina kwance a zaure na ji babur ya tsaya, sai ga tsohuwa da ƙunshin kaya tana faɗa da ɗan acaɓa a kan ramukan hanya. Da murya na gane ta. Ta tsufa, ta koma kamar innarmu. Ashe Nasiha ta je kaɗe ɗorawa ta ga saran, ta aika mata.

Ta ce, "Yaya, masu gawayi sun shiga mana! Na ce ba zan bar ka da baƙin cikin nan kai kaɗai ba."

Mana, ta ce.

Na miƙa hannu in karɓi ƙunshin. Ta riƙe hannun, ta juya shi, ta duba tafin. Ta daɗe tana dubawa. Ta sake shi. Ta shiga cikin gida ta fara faɗan yadda na bar tukwanen Mairama suka yi ƙura.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ta tilasta mini muka je tare, ita a gaba da ƙwarya, ni a baya. Ta durƙusa ta bi saran da yatsa. Ta ce, "Wannan ɓarawon tsoho ne. Dubi inda ya riƙa hutawa. Ga shi bai iya riƙon gizago ba, da ganinsa ɗan boko ne."

Na ce wataƙila yana da dalili. Ta ce, "Yana da baki kuma. Maruta ba Makka ba ce."

Ta kwaɓa laka da kashin shanu ta shafe wurin kaf, ta naɗe da tsohon buhu. Ɓawon da ya rage bai fi kamu ɗaya ba. Ta ce in Allah ya so ta nan za ta sha ruwa. Ni na riƙe mata ƙwaryar.

A hanyar dawowa na gaya mata maganar mai unguwa da ta Ɗanbala, duka. Na tambaye ta izinin sara, a ƙarshe dai na tambaya. Ta ce a'a. Amma ba ta ji daɗin faɗa ba, na duba fuskarta. Ta ce da kalwar nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, kuma ita ce kaɗai dalilin da ya sa har yau ake kiran sunanta a Wurno.

Asabar, 26 ga Afrilu

Haladu ya ji labari, ya zo gida. A shekaruna a kai ni gaban hukuma a kan itace!

Kafin in buɗe baki Abu ta fito da muciya a hannu. "Ni ce. Itacena ne, sassaƙe na ɗiba na magani."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Inna, wannan ai maganin gari guda ne." Ta ce gidansu da yawa. Ya yi dariya, amma ya ce zai riƙa zagayawa, in ta bushe dole ya rubuta, ba yadda zai yi. Da zai tafi ya ce mini, "Baba, a sa wa hannun nan man kaɗanya."

Talata, 29 ga Afrilu

Tsakar gida ta cika da ɗorawa. Ita da Nasiha suna ɓara suna hira, gari rawaya har a gemuna. Ta yi miyar kuka da daddawa ta gaske. Na yi ƙari. Tana yi mini faɗa a kan komai, har yadda nake tari.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ɗanbala ya zo karɓar amsa, yana da wata gonar a Zandam da ke jiransa. Ya ja ni gefe. Ya ce abin da ya rage aikin minti kaɗan ne, in cire buhun, in ƙarasa, in mayar da lakar. Ba mai sani sai ganye ya zube, kuma ai an riga an ce magani ne.

Gaskiya ya faɗa, ba mai sani. Na tsaya ina jin ƙarar turmi daga cikin gida.

Na ce masa doka ta hana, ni kuma tsohon ma'aikaci ne. Ya ce, "Baba, gonar za ta tafi fa." Na ce na sani.

Doka ce. Abin da na gaya masa ke nan, shi nake rubutawa.

Litinin, 5 ga Mayu

An ba Buba aro, a ƙofar mai unguwa. Da garmar shanu zai yi, su sun san kewaye. Abu ta tsaya daga bayan katanga tana ɗaga murya cewa a shaida ƙasa ta Yaya ce, ɗorawa tata. Aka ce an ji. An sha cewa an ji.

Na dawo gida kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Ban san abin da zan gaya wa Muhammad Auwal ba, in ya kira.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ta tafi da buhunan kalwarta. Gidan ya koma yadda yake, sai dai yanzu ina jin shirun.

Talata, 27 ga Mayu

An yi ruwan shuka jiya. Na lallaɓa gonar, don kawai in motsa ƙafa. Buba ya share ta tas, ban gane ta ba. Tana da kyau a hannunsa, wannan ma ciwo ne. Yana huɗa, na ga shanun sun matso gindin babbar, sai na ji ina ihu ya ja baya, zai yanke mata saiwa. Ban san ina da sauran murya haka ba.

Ya tsayar da su yana dariya. "Baba Malam, ai ba taka ba ce." Na ce na sani, ka dai ja baya.

Ruwa ya wanke lakar ta gefe ɗaya. Na sake kwaɓawa na shafa, bai yi kyau kamar nata ba. Ganyen sama kore ne, wani reshe ɗaya dai ya yi rawaya, ban san ko na saran ba ne.

Na biya gidan Nasiha na karɓi lambar wayar Abu. Ya kamata mai itace ta san halin da itacenta yake ciki, shi ke nan. Na kira, muka yi maganar reshen. Sauran maganar ba ta da wani amfani, ita ce ta ja ta, har katina ya ƙare. Gobe sai in sayi wani, ban gama yi mata bayanin lakar ba.