Rigunan Maigida Uku a Bargo Ɗaya

Tanti Ladi, ki taimake ni don Allah, kaina ya kulle. Allura da zare ne ke neman fitar da ni daga ɗakina, ni da ban taɓa yin yaji ba.

Ni matar ma'aikaci ce a nan Tahoua. Maigidana daraktan wata lakwal ne, wato makarantar boko ta yara. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake yanzu ko mai tuyar ƙosai ta bakin titi ta san wa nake nufi. Tun da albashi ya fara ɓacewa wata da watanni, aka kuma karya darajar kuɗinmu na sefa, mu matan ma'aikata na unguwarmu muka haɗa ƙungiya. Ran Laraba muke taruwa gidan shugabarmu, Hajiya Zalika, muna ɗinka bargon ƙyallaye. Mukan bi telolin kasuwa mu kwaso guntayen da suka zubar, mu wanke, mu goge, mu yanka daidai da murfin kwalin sukari, mu harhaɗa, mu sa tsohon zane a tsakiya, mu rufe bayan da buhun fulawa. Da ɗari yara su samu abin rufa, wani kuma a kai kasuwa. Ni dai ko ba a sayar da komai ba zan je, don nan kaɗai nake dariya a mako.

Dokarmu ɗaya ce: ba a sa almakashi a tufa sai wadda mai ita ya ce ya gama da ita. Ki riƙe wannan, Tanti, don a kanta zan tsaya har gaban alƙali.

Bayan Babban Taron Ƙasa, da jam'iyyu suka cika gari, maigida ya shigo gida da riga mai hoton tulu tun daga wuya har gwiwa. Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin cewa tulu shi ne rayuwar talaka, har tuwona ya kama. Da tulu ya faɗi zaɓe, rigar ta shige ƙarƙashin katifa, ya fito da mai hoton fitila, wai ƙasa haske take bukata. Ba a daɗe ba fitila ma ta bi tulu ƙarƙashin katifa, sai ga mai hoton tsani. Katifarmu har ta yi tudu ta gefensa. Ranar da na fito da rigunan na tambaye shi, da bakinsa ya ce ya gama da waɗannan ɓarayin har abada, in yi tsumman goge ƙafa da su in na ga dama. 'Yarmu Sumayya tana wurin, ta ji.

To ni ban yi tsumma ba. Yadi ne mai kyau a ido, ga ragowar yadin tsani da tela ya maido mana. Na yanka su, na jera tulu a sama, fitila a tsakiya, tsani a ƙasa. Wallahi launukan ne suka dace da haka. Bargon ya yi kyau, Tanti, ban taɓa yin aiki irinsa ba, kusurwa ta haɗu da kusurwa ba ko tattara. Gefe ɗaya ya rage mini in kalmashe.

Da na kai shi taron Laraba, ƙawata Rahinatu, 'yar garin Barmou ce mai idon tsiya, ta gane tabon tawada a wani ƙyalle da ya fito daga aljihun rigar tulu. Sai ta miƙe da sandar tsintsiya tana nuna bargon layi-layi kamar yadda maigida ke nuna allo, tana koya wa mata tarihin darakta daga sama zuwa ƙasa. Mata suka yi ta faɗuwa don dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Kafin Juma'a labari ya kai masallaci.

Duk da haka da abin ya wuce, sai manya suka sake ƙulla ƙawance can Yamai, tulu ya dawo cikin gwamnati. Maigida ya ɗaga katifa yana neman rigarsa, don ya nuna shi ɗan tulu ne tun asali. Ya tarar da tulun a kan gadonmu, an raba shi gida huɗu.

Ga inda na maƙale. Hajiya Zalika ta ce bargona ne za a rataya a gaba wurin nunin ranar mata, sha uku ga Mayu, kuma in na janye shi to na janye kaina daga ƙungiya. Cikin waɗanda za su zo kallo akwai matar wani babba na bariki, wanda sauyin wurin aikin malamai ke bi ta hannunsa. Maigida ya ce in matar nan ta ga bargon, za a jefa shi can arewa bayan Affala, inda hanya ba lafiya, kuma in bargon ya fita ƙofar gidansa in bi shi kada in dawo. Ya ce in ƙona shi. Yanzu ba ya cin abincina sai na juya baya. Ina jin tausayinsa, ina jin haushinsa, kuma ina son bargona. Yaya zan yi?

Mai Allura, Tahoua


Ƙanwata Mai Allura,

Na karanta wasiƙarki na yi dariya har sai da na cire tabarau, sannan na sake karantawa ban yi ba. Bari mu fara da ke.

Dokar ƙungiyarku ba ki taka ta ba, wannan na ba ki. Mai riga ya ce ya gama da ita, ga shaida. Amma zancen launuka ne suka jera kansu tulu, fitila, tsani, daidai yadda mutum ya sa su ya tuɓe, wannan ki faɗa wa Sumayya, kada ki faɗa mini. Na riƙe allura kafin a haife ki. Matar da ta iya haɗa kusurwa da kusurwa ba tattara ta san abin da take jerawa. Kin gaji da jawabi a kan tuwo mai kamawa, kika ba da amsa da almakashi. Amsar ta yi daɗi, sai dai kin kai ta gidan mutane.

Shi kuma maigidanki, ba zan ce jarumi ne ba. Mutumin da aƙidarsa ke kwana ƙarƙashin katifa bai kamata ya yi mamaki ba in ta tashi da ƙuma. Kuma ba ke kika tona shi ba: duk rigar nan da rana tsaka ya sa ta, ya bi titi yana ɗaga hannu. Abin da kika yi kawai shi ne kin hana gari mantawa, shi kuwa da mantuwar gari yake cin abinci. Amma tsoronsa na gaskiya ne. A zamanin nan ana tura malami daji saboda launin hularsa, ba a tambayar ko yaransa sun iya karatu. Mutum mai iyali da ba ya ganin albashi, in ya sauya riga don kada a ɗaga shi, abin tausayi ne kafin ya zama abin dariya. In aka tura shi arewa, ke da Sumayya za ku hau motar, Rahinatu da sandar tsintsiyarta suna nan Tahoua.

Don haka bargon nan ba zai je nuni ba. Kuma ba za a ƙona shi ba. Ki faɗa masa duka biyun a zama ɗaya, ki fara da na farkon don ya samu ya haɗiye na biyun. Batun rigar tulu kada ya dame shi, tunda sun dawo mulki yadin zai sake yawo a gari, tela kuma bai mutu ba.

Sai Hajiya Zalika, wadda ta ga abin rataya mijin wata a bango ta ce ko shi ko ƙofa. Ki je mata da ladabi, ki ce kin yarda a nuna bargon jam'iyyu, amma na ƙungiya gaba ɗaya. Kowace mace ta ɗaga katifarta ta kawo abin da ta samu, a zuba a buhu guda, a fara da na Alhajinta. Ina tabbatar miki ba gidanku kaɗai katifa ta yi tudu ba. Ko dai ku samu bargon da zai rufe tsakar gida, ko Hajiya ta tuna cewa watan Mayu zafi ake yi, ba lokacin nuna bargo ba ne. Kowanne ya faru, kina nan cikin ƙungiyarki.

In kun yi na buhun, ga abin da zan ƙara muku, ku da sauran masu wannan sana'a. Ku yanka ƙyallen ya fi hoton ƙanƙanta, yadda ba mai cewa ga tulu ga tsani. Ku yar da aljihu da wuya, nan tabo ke zama. Ku jiƙa kowane launi daban a ruwan gishiri kafin ku haɗa, don yadin jam'iyya zuba yake yi, wanki ɗaya sai ya ɓata na kusa da shi. Kuma ku ba Rahinatu aikin guga, hannunta ya samu abin riƙewa.

Naki kuwa ki adana shi har ɗari ya shigo. Daren da sanyin yankinku na Ader ya sauko, za ki ga mai cewa a ƙona shi ne zai fara jan shi ta gefensa, ba zai tambayi wace jam'iyya ce ta rufe masa ƙafa ba.

Allah ya bar ku tare, ya kawo albashi, ya tsare ku da motar arewa. Amma gefen nan da ya rage, ƙanwata, kada ki kalmashe shi tukuna. Zaɓe na tafe.

Tanti Ladi