Takardarku Tana Ƙarƙashin Matashin Inna

Zuwa ga Alhaji, mamallakin ɗakin gwajin jini mai shuɗin fenti da ke hanyarmu ta zuwa Kurmi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da ma'aikata, har da na'urori. Ban kira sunan wurinku ba, domin ni ɗan kasuwa ne, na san zafin a kira sunan rumfar mutum a bainar jama'a. Amma ka san kanka. Sau uku ina zuwa, sau uku ana ce mini Alhaji ya fita, alhali ga motarka can a inuwa. Shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Sunana Ɗanlami, ina sayar da kanumfari da citta da masoro a Kasuwar Kurmi, gidanmu kuma yana Soron Ɗinki. Shekara talatin ina sunsuna kaya kafin in saya, ina cika baki cewa ba a taɓa sayar mini da jabu ba. Ku kuka fara.

1. Mahaifiyata, Inna, ta kama tari tun kafin azumi. Aka yi salla tari bai tafi ba, ga zufa tana jiƙa mata zani, ga rama. Na kai ta asibitin gwamnati, suka ba mu wata 'yar roba suka ce ta tofa kaki a ciki a kawo, kuma kyauta ne. Alhaji, Inna Bafulatana ce. Matar da har yau ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ita za a ce ta kakaro majina ta miƙa wa ɗan nan ya ɗauka ya bi titi? Ta kalli robar, ta kalle ni, ta juya fuska bango. Ni kuma, in faɗi gaskiya, kalmar kyauta ce ta tsaya mini a wuya. A Kurmi abin da aka ce ɗauki kyauta, to ka duba gindinsa. Sai na tuna allonku mai cewa kuna gwajin tarin fuka da jini, sakamako nan take. Ba tofi, ba kunya, kuma da kuɗi. Na ce wannan shi ne na manya.

2. Ma'aikacinku mai farar riga ya faɗi farashi, na taya kamar yadda na saba. Ya ce ba ragi, amma zai yi mini gyara: ni ma a ɗebi nawa jinin. Na yi murna, na ce yau na ci riba. Aka ɗiga jininmu a kan wasu 'yan robobi masu kama da na gwajin maleriya. Kafin in gama amsa waya an buga takardu biyu, an danna musu hatimi. Ta Inna ta ce ba ta da komai. Tawa, ta gyaran, ta ce ina da shi. Ni da ko atishawa ba na yi, duk da na wuni cikin ƙurar barkono.

3. Ga abin da takardun nan suka yi a gidanmu. Ni aka ware. Matata ta ɗaura wa kofina jan zare don kada wani ya sha da shi. Aka kai mini katifa zaure. A kasuwa, abokan da muke cin shinkafa da wake a faranti ɗaya tun muna samari sai suka fara azumin nafila kowace azahar. Labari ya zaga layi, matan da ke sayen kayan kunun jego a wurina suka koma rumfar maƙwabcina, wanda cittarsa rabi ƙasa ce. Wannan duk na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba shi ne, a cikin makonnin nan 'yata Maryam ta haihu, ta dawo gida wankan jego. Ina aka sauke ta? A ɗakin Inna, tunda ita ce mai takardar lafiya. Ni, kakan jaririya, aka hana ni ɗaukarta, sai dai in leƙo ta taga. Inna kuwa tana rungume da ita, tana yi mata wasa, tana tari, a ɗaki mai taga ɗaya. Muna ba ta zuma da tafarnuwa, muna cewa sanyi ne na tsufa.

4. Da na gaji da kwanan zaure, na ɗauki takardarku na tafi asibitin nan da na raina, don su ba ni magani. Likitar ta karanta, ta ajiye ta gefe kamar takardar ƙunshin ƙosai. Ta sa na kawo kaki, aka saka a na'ura, aka ɗauki hoton ƙirjina. Babu komai. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ni kuma da 'yar sakandarena na gane. Ta ce gwajinku ba ya neman ƙwayar cutar kanta, sawun faɗan da jiki ya taɓa yi yake nema a cikin jini. Sawun nan kuwa ba ya faɗin ko ƙwayar tana kwance tana barci ne, ko ta tashi tana cin huhu, ko ma wata 'yar uwarta ce ta taɓa wucewa. Mai lafiya yana iya nuna shi, wanda cutar ke ci kuma yana iya rasa shi. Ta ce ko ta kwancen ake nema, akwai gwajinta daban, ba wannan ba ne. Ta ce masana lafiya sun daɗe da cewa a daina amfani da irin naku. Har ta ƙara mini da cewa ta iska ake ɗaukar cutar, jan zarena aikin banza ne. Sannan ta tambaye ni wa ke tari a gida.

Alhaji, a rumfata idan sikeli ya nuna buhu cike a matsayin wofi, wofi kuma a matsayin cike, ba na kiransa mai kuskure. Bola nake kai shi. Ko kun san haka kuna sayarwa, ko ba ku sani ba kuna sayarwa, ka zaɓi wadda ta fi maka daɗin ji. Ni dai ban ga mai daɗi a ciki ba.

5. Maryam ce ta shawo kan Inna. Ta kulle ƙofa, ta riƙe mata robar, ta kai da kanta don kada in gani. Sakamako ya fito: Inna tana da shi, kuma ya yi nisa. An ɗora ta a kan magani na wata shida, an ɗora jaririyar a kan na kariya, an duba sauran mutanen gida.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi shiru na bar ku da Allah. Kuɗina na yafe, har da gyaran. To amma Inna ba ta karanta boko, hatimi ta sani. Takardarku tana ninke ƙarƙashin matashinta. Ta asibiti ƙaramin kati ne da rubutun biro. Taku mai sheƙi ce, da tambari, kuma ta ga na biya. Yanzu da maganin ya fara aiki, tarin ya lafa, sai ta ce ai dama masu hatimi sun faɗa, ba ta da komai. Ƙwayoyin maganin suna tayar mata da zuciya, suna mayar da fitsarinta ja. Kullum da safe sai an yi daru. Ta zaro takardarku ta ɗaga mini, ni da na kai ta wurinku da ƙafata ina yabon ku. Da wane baki zan ƙaryata? Shekaranjiya Maryam ta tsinci ƙwayoyin kwana biyu a cikin gwangwanin goronta. Likita ta gargaɗe mu cewa idan ta yanke magani a tsakiya, cutar tana iya dawowa da taurin kan da ba za ta ƙara jin wannan maganin ba.

Don haka ga roƙona. Ku goge gwajin nan daga allonku. Ku buɗe littafinku, ku kira duk wanda kuka ce wa ba shi da komai alhali tari ne ya kawo shi, ku tura shi ya kai kaki. Lambobinsu suna wurinku, tunda kuna turo mana barka da Juma'a. Sai na ƙarshe, wanda shi ya sa na zauna na yi wannan rubutu: ku buga takarda ɗaya, mai sheƙi irin waccan, ku rubuta cewa ta farko kuskure ce, Inna ta sha maganinta har ƙarshe. Ku danna mata hatimin nan dai, shuɗin, babba. Ku ba mai farar rigar ya kawo da kansa, sanye da rigar, don ta gane shi. Ba sai ya ba ni haƙuri ba. Idan kuɗin bugawa ne, zan biya, kuma wannan karon ba zan taya ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da arziki na halal, ya raba ka da ranar da za ka tsaya a kan mahaifiyarka da ƙwaya a tafin hannu, ita kuma da takardar wani a nata. Inna tana shan magani ne bayan sallar asuba, kafin kunu. Gidan yana da sauƙin ganewa, katifata tana nan a jingine a zaure.

Wassalam.

Ɗanlami mai kanumfari,
Kasuwar Kurmi, Kano.