Shanun Baba a Jami'a

Mabai, Ƙanƙara.

Zuwa ga Yayana Malam Mani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hamida da yara. Baba da Inna suna gaishe ka. Waya har yanzu ba ta shiga a nan, shi ya sa na ba Rabo direba wannan takarda.

Yaya, maganar shanun huɗar Baba ce. Da ka zo ka ce majalisar jami'arku ta amince a buɗe sashen kiwon dabbobi, abin da ka yi shekaru kana fafutuka a kai. Ka ce saura baƙi daga Abuja su zo su ga kayan aiki, gonar makaranta kuwa ba ta da shanun noma, don haka a ara maka Kwalli da Ɗan Fari. Ka ce haka ake yi, ana aro a nuna, baƙi na tafiya a mayar. Baba da kanshi ya ja su har bakin mota, yana ta faɗa ma maƙwabta wai shanunshi sun riga shi shiga jami'a.

To ga hadari ya fara haɗuwa. Don Allah ka tuna da mu.

Ƙanwarka,
Hussaina.

Mabai, Ƙanƙara.

Yaya Mani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu dai alhamdulillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Rabo ya kawo saƙonka cewa baƙin sun sake ɗage zuwa. Haba Yaya! Su damina za ta jira? Ruwa ya zauna, kowa ya duƙufa. Ka fi kowa sanin shanun huɗa sun yi wuya tun da ɓarayin daji suka share garkunan yankin nan. Na Alhaji Ubale ne suka rage a unguwarmu, kuma layin masu jiransu ya kai har 'Yargoje. Gayya kuwa da wa za a yi? Samarin duk sun watse birni.

Baba ya sauko da tsohuwar galmarshi daga rumbu, ya sa mata sabuwar ƙota. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga sujada, wai shi ne zai yi huɗa da hannu. Na ce ya bari, ya yi mani tsawa. Da na tashi daga makarantar da nake koyarwa ina bin shi gona, amma wane irin ƙarfi gare ni? Jiya na tarar da shi zaune tsakanin kunyoyi yana haki, hannunshi a ƙirji. Ya rantsar da ni kada in faɗa maka, wai kada in ɗaga maka hankali baƙi na tafe. Allah ya yafe mani, na faɗa.

Wallahi raina a ɓace yake da kai. Ina alfahari da kai, amma raina a ɓace yake. Ka ari na wani mana. Ka turo mana shanunmu ko ranar kasuwar Ƙanƙara ce.

Taka,
Hussaina.

Mabai, Ƙanƙara.

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Takardarka ta iske mu Baba yana kwance. A gona ya faɗi, 'ya'yan Alhaji Ubale suka ɗauko shi. Na karanta mashi cewa baƙi sun zo, sun ga Kwalli da Ɗan Fari suna jan garma, sun yaba, an kuma ba da izinin ɗaukar ɗalibai. Ya sa na maimaita wurin shanun. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tambaya ko yaran ƙauye irin na Mabai da Mairuwa za su iya shiga, na ce ƙwarai kuwa.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinshi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mashi sutura kafin azahar. Rabo yana hanyar Sabuwa, babu yadda za mu sanar da kai. Inna ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba. Ni kam ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ba ta kai nan ba tukuna. Ka yi mani addu'a.

Ka rubuto cewa mako mai zuwa za ka loda shanun a mota. Kada ka loda. Baba ya bar wasiyya a gaban Liman: sadaka ce ga ɗalibanka, a bar su a can. Ya ce in gaya maka Kwalli a hannun dama ake ɗaure shi, in aka sa shi hagu ba ya tafiya. Ni da na yi ta roƙonka ka dawo da su, yau ni ce aka aiko in ce ka riƙe.

In ka zo ta'aziyya, ka biya ta gona. Rabinta ya yi. Galmar tana nan inda ya tsaya, na kasa ɗaukowa.

Ƙanwarka,
Hussaina.